Shekarar da Cika-ciki Ya Faɗo Cikin Damina

Matata Barira, Allah ya jiƙanta, ba zabiya ba ce. Ba ta taɓa waƙa a gidan biki ba, ba ta kuma taɓa yi wa wani mai hali kirari ba. Sau ɗaya take waƙa a shekara, ran cika-ciki, wato goma ga watan farko na shekararmu ta Musulunci. Sauran kwanakin ƙuli-ƙuli take soyawa tana sayarwa daga cikin gida, ni kuma ina zaure ina ɗinkin fata, don ni baduku ne, nan cikin Birnin Damagaram aka haife ni.

A unguwarmu akwai wata al'ada da ban gan ta a unguwar Zango ba, ban kuma ji labarinta a wani gari ba. Ran cika-ciki kowane gida yakan yi girki mai yawa, a jefa wutsiyar ragon Layya da aka ƙyafe aka ɓoye tun wata guda, kowa ya ci har ya kasa tashi. Wannan kam ko'ina ana yi. Namu daban shi ne, ba a buɗe tukunya sai an yi waƙa. Bayan la'asar mata su fito da tukwanensu a rufe, su jera a gindin tsamiyar bakin rijiya. Mai waƙa ta miƙe, ana kaɗa mata ƙwarya, tana bayarwa suna amsawa. Sai ta sauke sannan a ɗaga murfi. Gidan su Barira ke riƙe da waƙar nan. Uwarta, Iya Kaltuma, ta karɓa daga tata uwar, ita kuma ta miƙa wa Barira.

To, abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, sabuwar shekararmu ba ta zama wuri ɗaya. Bana ta zo yau, baɗi sai ta riga da kwana goma ko sha ɗaya. A haka take ja da baya, ta fita daga bazara ta shiga ɗari, ta fita daga ɗari ta shiga kaka, sai ta yi shekara talatin da 'yan kai kafin ta dawo inda ta tashi. Saboda haka waƙar ma kashi-kashi ce. Akwai ta bazara, wadda ake yi wa rana tsiya. Akwai ta ɗari. Akwai ta kaka, wadda na fi so, inda ake cewa:

Rumbu ya yi ciki, mu ma mu yi,
wanda ya rage loma bana ba namu ba ne.

Iya Kaltuma ba ta koyar da kashi sai lokacinsa ya zo. Barira a garin Takieta ta girma, wurin goggonta da ta riƙe ta, ba ta dawo Birni ba sai tana budurwa, lokacin watan ya riga ya wuce damina ya shiga bazara. Ta koyi ta bazara, ta koyi ta ɗari, ta koyi ta kaka. Sau da yawa na ji ta daga zaure tana cewa, "Iya, ta damina fa?" Tsohuwar sai ta yi dariya ta ce, "Ta damina ba a koyar da ita. In ta zo za ki gan ta." Mu duka mun ɗauka jan rai ne irin na tsofaffi. Sai ga shi Allah ya ɗauki Iya Kaltuma tun watan yana cikin kaka.

Shekara biyar kafin mu samu 'yancin kai, aka yi Layya hatsi bai ko fitar da kai ba. Kowa ya lissafa da yatsunsa ya ga cika-ciki zai tarar da mu ba ko tumu a gona. Damina ce sosai, ba gardama. Barira kuwa ba ta da ko baiti ɗaya na damina.

Ta daina cin abinci kirki. Ina kallonta tana murza ƙuli-ƙuli, ta tsaya da hannu cikin tunkuza tana kallon bango.

Na ce, "Ki yi ta kaka mana. Wa zai kama ki?"

Ta ce, "Haba Malam. In tsaya gaban matan da ke auna hatsi da tafin hannu, in ce musu rumbu ya yi ciki? Ai zagi ne."

"To ki ce ba ki da lafiya."

"Su buɗe tukunya ba waƙa, a ce a hannuna abin ya mutu? Kakata ta riƙe, uwata ta riƙe."

Na koma kan ɗinkina. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma gaskiya ta faɗa.

Ina da taubashi, Musa, ɗan ƙanin uwata, wanda ke yi wa wani Bature na ofishin kumandan girki. Musa Kuku ake ce masa. Duk yamma in ya tashi aiki sai ya biyo ta zaurena, ya zauna kan fatun da na jeme, ya yi ta damuna. Da ya ji abin da ake ciki sai ya fashe da dariya.

"Kai baduku, ku ne da wahalar da kai. Nasara shekararsu a ɗaure take kamar jaki a turke. Kullum cikin sanyi, rana ɗaya, ba ta motsi. Bonane suke ce mata. Su ci, su sha, su sumbaci juna, su sa faifai a garmaho. Faifan bara shi ne na bana."

Na ce, "Ba ta gajiya da tsayuwa wuri ɗaya?"

"Wa?"

"Shekarar."

"Ji wata tambaya! Kai dai warin jima ya taɓa maka kai. In kuna so in aro muku garmahon, mu kai gindin tsamiya, in juya masa hannu. Matarka ta huta."

Barira ta jiyo shi daga ciki. Ta ce, "Musa, garmahon naku ya san sunan miyar gidan wani?"

Ya ce, "Bai sani ba, amma ba ya mantuwa."

Wannan ta shige ta. Na ga ta koma ɗaki.

Kashegari ta fara bin tsofaffin unguwa. Abin da wuya, don rabon da watan ya faɗo cikin damina an kusa shekara talatin. Waɗanda suka gani da yawa sun rasu, wasu aure ya kai su ƙauyuka. Ga shi kuma da damina rabin unguwarmu kan tare a bukkokin gona, ba su dawowa sai an yi girbi. Tsofaffi biyu kaɗai ta samu da suka ce sun riƙe wani abu, Iya Hauwa ta gidan Nomau da Inna Balki ta gidan Garba mahauci. Ta kira su gidanmu, ta shimfiɗa musu tabarma, ta ba su goro. Ni ina zaure, kunnena yana ciki.

Iya Hauwa ta gyara murya ta ce, ai waƙar damina ba a manta ta, ga ta:

Tafasa ta hau sarauta a gidan Nomau,
gishiri ne waziri, mai ya yi tafiya.

Inna Balki ta tafa hannu. "Ƙarya kike, Hauwa! Ina tafasa a ciki? Ni da kunnena na ji Kaltuma, ga ta ga ni." Sai ta rera nata:

Wake bakwai a tukunyar Garba,
na takwas ya tafi Kano fatauci.

"Wane wake? Ke tun kina amarya kunnenki ɗaya ne ke aiki."

"Ni ce mai kunne ɗaya? Ke da kika zuba kanwa a shayin baƙi?"

"Shekara arba'in ba ki bar maganar kanwar nan ba!"

Suka yi ta yi har goro ya ƙare. Muryar waƙar dai iri ɗaya ce a bakinsu, amma kalmomin ko kusa. Abu ɗaya suka yarda da shi: wadda ke kaɗa wa Iya Kaltuma ƙwarya a wancan zamanin, wata Babarbariya ce, Ya Bintu, kuma tana nan da rai a Mirriya wurin ɗanta mai ginin tukwane.

Da suka tafi Barira ta leƙo zaure. "Malam, sun rikice duka. Kowacce ta sa sunan gidanta a ciki."

Na ce, "Na ji." Abin ya tsaya mini a rai, amma ban san inda zan ajiye shi ba.

Saura kwana huɗu cika-ciki muka tafi Mirriya ran kasuwa. Na aro jaki ta hau, ni ina biye da ƙafa. Hanya duk kore, hatsi ya kai kafaɗa, ga kyau a ido, ga ciki ba komai. Muka yi tambaya a rumfar masu tukwane aka nuna mana gidan.

Tun da ƙawar surukata ce, ban shiga ba. Na cire takalmi na gaishe ta daga bayan zana, na zauna a nan kan wani turmi da aka kifa. Zana kuwa ba ta ɓoye magana.

Na ji tsohuwar tana cewa, "Wushe, wushe! Ɗiyar Kaltuma ce? Matso in taɓa fuskarki, idona ya yi nisa. Wancan na waje mijin ne? Shi ne badukun da ba ya magana?"

Barira ta ce shi ne. Ta faɗi abin da ya kawo ta, ta rera na Iya Hauwa, ta rera na Inna Balki, ta ce, "Ya Bintu, wanne ne na gaskiya?"

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Duka biyun. Ina wurin aka yi su. Na waken nan ma sai da Garba ya bi mu da tsintsiya yana dariya."

"To sauran fa? Ki ba ni daga farko."

"Babu farko. Tashi ki buɗe tukunyar can da ke kan murhu. Me kika gani?"

"Rama ce, da ɗan tsaki."

"Nama fa?"

"Babu."

Sai na ji an jawo ƙwarya, an fara kaɗa ta da yatsu, a hankali. Muryar tsohuwa ta fito, siririya amma ba ta karkace ba:

Rama da tsaki sun ɗaura aure a gidan Bintu,
an gayyaci nama, ya ce ruwa ya tare shi.

Ta tsaya. "Kin ji ta? Yanzu aka haife ta. Da damina ba a fita gindin tsamiya, ɗiyata. Wa zai kai tukunyarsa gaban jama'a a wannan lokaci, a ɗaga murfi kowa ya ga abin da ke ciki? Mai waƙa ce ke bin gida gida. Ki shiga, ki ɗaga murfi ke kaɗai, abin da kika gani shi za ki rera, da sunan gidan. Ki sa su dariya, kada ki sa su kunya. Amshi kaɗai ne ba ya sauyawa." Ta rera mata shi sau biyu:

Shekara ta iso ƙofa,
a buɗe mata, ba ta zaɓen miya.

Sannan na ji Barira ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ya Bintu, ni ban taɓa ƙirƙirar ko baiti ɗaya ba. Abin da aka ba ni nake mayarwa."

"Uwarki ma haka ta ce wa tata uwar. Saurara, ban gama ba. Za ki riƙe ƙwarya mai murfi. Kowane gida in kin yi musu waƙa za su zuba miki ludayi ɗaya, tukuicinki ke nan. Kina tsammani gida uwarki take kai shi?"

"Ina take kai shi?"

"Ke da kika ga cikin kowace tukunya, ke kaɗai kika san inda ya yi yawa da inda babu. In kin ɗaga murfi kina waƙa, idon kowa yana bakinki. Hannunki kuma ya san aikinsa. Wannan ko Hauwa da Balki ba su sani ba, kada kuma su sani."

A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka hango duwatsun Birni. Can sai na ji tana ƙunƙuni a kan jaki. Na kasa kunne, ashe jakin take yi wa waƙa, wai ya ci ciyawar mutane bai yi sallama ba. Baitin bai zauna daidai ba, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ta sake shi, ta sake shi. Ni dai na yi kamar ban ji ba.

Ran cika-ciki aka tashi da yayyafi. Tun da hantsi ta aika gida gida cewa bana ba a fita tsamiya, kowa ya zauna da tukunyarsa a rufe, tana zuwa. Mu a gidanmu Allah ya rufa asiri, na sayar da jakunkunan fata biyu a makon, aka yi tuwon dawa da miyar kuɓewa, aka sa wutsiyar ragon da na yi wata guda ina leƙawa a cikin tulu. Wutsiya ce mai kitse, ban taɓa samun irinta ba. Tun safe nake jin ƙamshinta.

Bayan la'asar ta yafa zane, ta ɗauki ƙwarya mai murfi. Inna Balki ce za ta kaɗa mata. A bakin zaure ta tsaya.

Ta ce, "Malam, in na buɗe baki ba abin da ya fito fa?"

Na ce, "Jaki ma kin yi masa."

Ta harare ni, ta fita.

Ban bi su ba, ba aikin maza ba ne. Amma gidajenmu a manne suke, ana jin komai ta kan katanga. Gidan farko na ji ƙwarya ta daɗe tana kaɗawa ba murya. Na ajiye basilla. Sai ga muryarta, tana ɗan rawa, wani abu game da kabewa da ta yi kumburi don ita kaɗai aka gayyata. Aka kwashe da dariya, mata suka ɗauki amshi. Na ɗauki basillata.

Daga nan sai na riƙa bin ta da kunne, gida bayan gida, dariya tana matsawa kamar ana mirgina ta. Musa Kuku ya shigo ya zauna, ya zo da wani guntun burodin Nasara a aljihu. Ya buɗe baki zai fara tsiyarsa, na ɗaga masa hannu. Don na ji sun isa gidan Mai Nasara.

Mai Nasara tsohon soja ne, ya yi yaƙin Nasara ya dawo da ƙafa ɗaya mai ciwo da girman kai mai yawa. Bai yi Layya ba a shekarar, kowa ya sani, ba kuma wanda ya isa ya aika masa da ko ƙashi. In ka ba shi abu sai ya mayar maka da shi har gida. Na san abin da ke tukunyar matarsa bai wuce ganyen yaɗiya da ruwa ba. Ƙwarya ta yi ta kaɗawa. Na ce a raina, nan ne za ta faɗi.

Sai muka ji:

Yaɗiya ta yi fareti a gidan soja,
kowane ganye ya tsaya a layinsa,
kumandan yana ƙasa ya ɓuya,
sai an juya ludayi zai fito.

Muryar Mai Nasara ce ta fara tashi, wata irin dariya mai kama da tari da ba mu taɓa ji daga gare shi ba. Yana cewa, "Wane kumandan? Ke ɗiyar Kaltuma, wane kumandan a tukunyata?" Mata suka rufe shi da amshi.

Musa ya dube ni. "Me take nufi?"

Na ce, "Waƙa ce kawai."

Ana kiran magariba ta dawo, zanenta ya jiƙe, muryarta ta dushe. Ta tsaya kan tukunyarmu ta yi mana namu baitin, wai baduku ya yi wata guda yana gadin tulu kamar mai gadin banki. Musa ya yi dariya har ya faɗo daga kan fatu. Aka ɗaga murfi, aka zuba mana. Na sa hannu ina lalube cikin miya. Kuɓewa na nan. Ga wake da ba mu dafa ba, ga ɗan yankin kabewa, ga ganyen yaɗiya. Na lalube gabas, na lalube yamma.

Na ce, "Barira, wutsiyar fa?"

Ta ce, "Wace wutsiya, Malam?"

Na dube ta, ta dube ni. Musa yana ta raba ido tsakaninmu. Na tuna abin da na ji a bayan zana a Mirriya, wanda ba a ce ni ma in ji ba. Na ce, "Wataƙila ta narke." Na ci tuwona. Na ƙoshi kuwa, ban san ta yaya ba.

Kashegari Mai Nasara ya wuce ta ƙofar zaurena yana ɗingishi, yana sakace haƙori. Ya tsaya ya ce, "Inusa, matarka tana da baki." Na ce haka ne. Ya gyara hularsa ya wuce.

Shekara bakwai ko takwas Barira tana bin gidaje kafin watan ya fita daga damina. A cikinsu aka yi ƙuri'a, aka yi jamhuriya, aka sauke tutar Faransa wata guda bayan wani cika-ciki. Baturen Musa ya koma ƙasarsu ya bar masa garmahon da faifai uku, Musa ya yi ta juya mana su duk bonane har allurar ta lalace. Ni kuwa a duk shekarun nan ban ci wutsiyar ragona ba ko sau ɗaya. Nakan ƙyafe ta dai, in sa a tulu, in yi gadinta. Da watan ya koma bazara aka koma gindin tsamiya, shekarar na ci wutsiya, sai na ji ba ta kai yadda nake tunaninta ba.

Har yanzu ina juya abin a raina in ina zaune. Wa ya fara shi? Wace tsohuwa ce ta zauna ta ga cewa shekara mai yawo dole wata rana ta iso lokacin da babu, ta shirya mata tun kafin ta zo? Na tambayi malamai biyu, suka ce wannan ba ya cikin littafi, harkar mata ce.

Ɗiyarmu Hajara ta karɓi waƙar. Ta koyi ta bazara, ta ɗari, ta kaka. Ta sha tambayar uwarta ta damina, amsar da aka ba uwar ita aka ba ta. Barira ta rasu saura shekara biyu watan ya sake zagayowa. Da lokacin ya matso sai ga Hajara a zaurena da takarda da biro, don ita ta yi lakwal, wato boko.

Ta ce, "Baba, kai ka ji ta shekara da shekaru. Faɗa mini in rubuta."

Na ce ta ajiye biron. Na ce ta shiga ciki ta ɗaga murfin tukunyar da ke kan wuta, ta dawo ta gaya mini abin da ta gani. Ta dube ni kamar tsufa ya fara taɓa ni, amma ta tashi ta shiga. Ni kuma na jawo tsohuwar ƙwaryar uwarta daga bayan fatu, na kakkaɓe ta, ina jiran ta fito.